Infomeshan santa ta unguwarmu: abin da take faɗa da abin da ba ya isowa gare ta

Idan rasuwa aka yi maka, ko yaro ya ɓace, ko tunkiya ta tsinke igiya ana saura kwana biyu Babbar Salla, ka kai maganarka infomeshan santa ta unguwarmu, wato wurin shela da lasifika, ba za ka yi da-na-sani ba. Idan kuwa so kake ka san abin da asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, ke ƙullawa a kanka tun kafin ya zo ya same ka a ƙofar shago, to ka nemi wata hanya. Ni tela ne, shagona yana ƙarƙashin sandar lasifikar, don haka ko ina so ko ba na so babu sanarwar da ke wuce ni, har da waɗanda na gwammace a ce ban ji ba.

Ga wanda bai zauna Gana ba, abin ba wani babban abu ba ne. Ɗaki ne guda a bakin titi, daf da inda masu pragiya, wato keke mai ƙafa uku, ke jiran fasinja. A bayansa an kafa dogon bututun ƙarfe, an ɗaure lasifika huɗu a samansa, kowace ta fuskanci nata ɓangaren. Ba rediyo ba ce, ba kai ke kunna ta ba, ba kai ke kashe ta ba. Irinta ta cika ƙauyuka da unguwannin ƙasar nan, ta gaji aikin mai shela, wanda a ƙasar Asante yake yawo yana kaɗa dawuro kafin ya faɗi saƙon sarki. Tamu tana gefen Kumasi ne, a irin unguwannin da mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango suka yi ta komawa da haya ta yi tsada, gidan gado kuma ya yi wa jikoki kaɗan. A tsohon Zango, kafin ka gama alwala labari ya zagaye layi uku. A nan kuwa kowa ya ja katanga, maƙwabcinka na dama Ba'asante ne, na hagu Badagombe, na baya ma'aikaci ne da ke fita da duhu ya dawo da duhu. Ba don lasifikar nan ba, sai a yi jana'iza a bayan gidanka ba ka sani ba.

Mai wurin matashi ne, bai kai arba'in ba. Ya yi makarantar allo, ya yi boko, bakinsa ya faɗa da Hausa da Twi da Turanci, yana kuma taɓa Dagbanci. Wannan shi ne jarinsa na gaske, ba na'ura ba. Na'urar ma ba abin a zo a gani ba ce: amfilifaya guda da wata 'yar fanka ke hura wa iska, makirfo da aka naɗe kansa da soso aka ɗaure da roba, batirin mota a ƙarƙashin tebur saboda ranar dumso, wato ɗaukewar wuta, sai littafin makaranta mai layi inda yake rubuta kowace sanarwa da sunan wanda ya kawo ta. Yana buɗewa bayan sallar Asuba, ya rufe idan rana ta ɗaga, ya sake dawowa tsakanin Magariba da Lisha da ɗan abin da ya biyo baya. Da ladan ya ɗaga murya sai ya yi shiru, ko da a tsakiyar jimla yake. Ranar Lahadi ma yakan sassauta saboda coci biyu da ke layin ƙasa. Wannan ladabin na yaba masa.

Inda na fi ganin ƙwarewarsa shi ne ranar da goggon mai ɗakina ta rasu. Cikin dare Allah Ya karɓi abinsa, mu kuma ba ma ajiye gawa. Maƙwabtanmu Asantawa suna iya kai mamaci firij ya yi makonni ko watanni, a buga fosta, a kafa allo a mahaɗar titi, kowa ya shirya baƙin zanensa. Mu awoyi kaɗan gare mu. Na ƙwanƙwasa masa taga ana fitowa daga masallaci, na miƙa masa takardar da na rubuta a gaggauce. Ya haska ta da fitilar waya ya karanta, sai ya ɗago kai.

"Baba tela, Allah Ya jiƙanta. Amma in na faɗi wannan sunan haka, mutum biyar ne za su gane. Da wane suna aka san ta?"

Na ce masa ai mai kokon bakin gada ce.

"Yauwa. 'Yar gidan wa ce a Aboabo? Wa ta aura? Manyan 'ya'yanta fa?"

Haka ya yi ta jero tambayoyi yana rubutawa: a wane masallaci za a yi salla, ƙarfe nawa, wace maƙabarta, akwai motar da za ta ɗebi mutane ko kowa ya nemi tasa. Da ya ɗauki makirfo sai ya fara da Inna lillahi, ya ɗan dakata don masu shara su tsayar da tsintsiya, sannan ya kawo sunan da aka san ta da shi kafin na yanka. Ya faɗa da Hausa, ya juya da Twi, ya maimaita lokacin salla sau biyu a ƙarshe, domin ya san shi ne abin da mutum zai fita tsakar gida yana tambaya. Kafin hantsi gidan ya cika, har da matan Asantawa da suka shekara suna sayen kokonta, sun yafa mayafi sun zo sun zauna. Na ciro kuɗi, ya ce a'a, sanarwar farko ta mutuwa ba ya karɓar ko pesewa. Ta addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in su ne ake biya.

Tunda na zo kan kuɗi: sanarwar suna ko aure ko addu'a sidi 20 ce a wurinsa, a karanta sau uku. Tsofaffinmu har gobe dubu ɗari biyu suke ce mata, kamar ba a canza kuɗi a 2007 ba, shi kuma ya saba, ba ya gyara musu. Talla ta fi tsada, daga sidi 50 zuwa sama, gwargwadon tsawonta da yawan kwanakin. Cigiyar yaro kyauta ce, kuma ita kaɗai ce yake buɗe na'ura dominta ko da tsakar rana ne. Yana karɓar momo, wato kuɗi ta waya. Dattawan da ke kawo takarda da ajami ma ba ya mayar da su, yana karantawa sarai. A wannan farashin ban ga abin da zai ja da shi ba. Gidan rediyo irin Zuria FM ya fi shi nisan zango, idan danginka sun warwatsu a Kumasi can za ka kai, amma idan mutanen layinka kake nema, waɗanda za su ɗauki makara, sandar nan ta fi.

Labarin hukuma kuma kashi biyu ne, kuma a nan maganata take.

Akwai umarni, wato yi kaza, bar kaza. A wannan lasifikar ba ta da na biyu. Lokacin kullen korona, da aka rufe Kumasi da Accra daga 30 ga Maris 2020 har mako uku, daga bakinta yawancin matan unguwa suka ji wa aka yarda ya fita da wanda ba a yarda ba. A watan Satumba 2025, da aka yi jana'izar Asantehemaa, uwar sarautar Asante, ita ta yi ta nanata ranar da za a rufe shaguna da daren da ba a son ganin kowa a waje, kuma da Hausa dalla-dalla, don kada wani baƙo ya jawo wa Zango magana. Zuwan masu allurar foliyo, ranar aikin gayya na kwashe kwata, yanke ruwan famfo, rajistar katin zaɓe, wurin da masu Ghana Card suka kafa tebur, duk tana faɗa a kan lokaci. Mai ɗakina daga nan ta koyi cewa ana sabunta katin inshorar lafiya ta waya da *929#, ta huta da layin ofis. Idan tankas za su shigo duba tsabtar gidaje, wani lokacin har kwana guda kafin nan mun ji, ka ga kowa ya fito da tsintsiya da shebur.

Sai kashi na biyu, wato shawara: me ake shirin yankewa, yaushe za a zauna, nawa aka samu, ina aka kai shi. Wannan ban taɓa ji daga sandar nan ba, kuma ai a ƙarƙashinta nake wuni.

Wata safiya ina jera yadi sai na ji an ce duk mai shago ko kwantena ya je ya biya lasisin sana'a kafin ƙarshen wata, in ba haka ba tas fos za ta zo da kwaɗo ta garƙame. Da Hausa, da Twi, da Turanci, safe da yamma, har mako ya zagayo. Da na je biya sai na tarar kuɗin ya ɗaga a kan na bara. Ban ce kada a ƙara ba, ni ma kuɗin ɗinkin kaftani ba inda yake bara yake ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan kuɗin ba daga sama yake faɗowa ba. Kowace shekara asambuli kan tsara jadawalin kuɗaɗen da za ta karɓa, na shago, na rumfar kasuwa, na gida, na izinin gini, akan kira masu sana'a a ji ta bakinsu, sannan 'yan majalisar su amince a buga a gazet. To yaushe aka kira? A ina aka zauna? Wa ya je da sunan teloli? Lasifikar da ta iya gaya mini ranar kwaɗo har mako guda, ba ta ce uffan ba a kan ranar zama.

Na tare mai wurin da maganar da yamma, yana cin wake da shinkafa a ganye.

"Ɗana, kai da ba abin da ke wuce ka, me ya sa ba ka faɗa mana ranar taron ba?"

Ya ajiye cokali. "Baba, ni abin da aka kawo mini nake karantawa. Takardar biya da ƙafarta take zuwa, da tambari, da kuɗin sanarwa a ciki. Ta taro kuwa sai dai ka je allon ofis ka gani, in an liƙa. In na bar nan na tafi neman labari, wa zai biya ni kuɗin mota?"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ce iyakar wannan sana'ar. Ba ɗan jarida ba ne, ba shi da mai ɗauko masa rahoto. Wanda ya biya shi ake ji. Mai gawa yana da dalilin zuwa, mai maganin gargajiya yana da dalili, mai karɓar haraji yana da dalili. Wanda zai zo ya ce jama'a ku taho ku tambaye mu yadda muka kashe kuɗinku, shi ne ba ya sauri.

Abin da ya sa nake ganin giɓin da girma, an yi ta yanka ƙananan hukumomi ne da sunan a kawo mulki kusa da mutane. Yau ƙasar nan tana da asambuli 261. Kumasin da muka tashi muka sani a ƙarƙashin asambuli guda, wato KMA, an cire mata Asokore Mampong a 2012, sannan a 2018 aka cire Oforikrom da Asokwa da Kwadaso da Suame da Old Tafo. Amma a layinmu akwai dattawan da duk wanda ya zo da littafin rasit, ɗan KMA suke ce masa, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce yanzu ga inda kuke, ga ofishinku, ga wanda za ku nema. Shugaban asambuli ba mu ke zaɓensa ba, shugaban ƙasa ne ke kawo sunansa, 'yan majalisar su amince da kashi biyu cikin uku. Ƙuri'ar raba gardamar da aka sa ranar 17 ga Disamba 2019, wadda aka ɗaura maganar zaɓensu a kanta, an soke ta kafin ranar ta zo. Cikin 'yan majalisar ma kusan kashi 30 cikin ɗari naɗa su ake yi. Wanda ke hannunmu shi ne asambuliman, wato wakilin mazaɓarmu a majalisar, da 'yan yunit kwamiti biyar, waɗanda muka zaɓa a Disamba 2023, ba da tutar jam'iyya ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, Act 936, ta ɗora wa asambuliman ya gana da mutanen mazaɓarsa kafin kowane zaman majalisa, ya kuma dawo ya gaya musu abin da aka yanke. Majalisar kan zauna aƙalla sau uku a shekara. Ke nan ko ba komai sau uku a shekara ya kamata mu ji lasifika ta ce Onarabul, wato asambuliman, yana kira a filin makaranta. Namu mutumin kirki ne, ba ya rasa jana'iza, ba ya rasa suna, ya sa an gyara fitilun titi biyu a layin masallaci. Muryarsa a sandar nan kuwa, barka da Salla ce da kiran aikin gayya.

Ga wani misali da ya fi na lasisina ciwo. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa asambuloli abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba, shi ne Kwaman Fan, kuma a cikinsa akwai kason masu naƙasa, ana nema ta ofishin jin daɗin jama'a. Akwai wani makaho da ke zama a inuwar shagona da rana, yana saƙa igiya. Shekara da shekaru yana jin tallan maganin basir a saman kansa, bai taɓa jin cewa akwai wani kaso da sunan irinsu ba, sai da wata malamar makaranta da ta kawo ɗinki ta gaya masa. Mutumin da kunne ne jaridarsa, in ba a faɗa a lasifika ba, allon ofis me zai yi masa?

Tunda na ambaci maganin basir, bari in sauke abin da ke raina. Masu maganin gargajiya su ne ke riƙe da wurin, na sani, kuɗinsu ne ke sayen batir. Amma abin ya yi yawa. Kwalba guda ta warkar da basir, da hawan jini, da ciwon suga, da taifot, da sanyin mata, sannan a gangaro kan ƙarfin maza a yi ta bayani filla-filla, da sassafe, yara na wucewa makaranta, ni kuma ina tsaye da 'yan mata masu koyon ɗinki, kowa ya sunkuyar da kai kamar yana neman allura. Doka ta ce ba a tallan magani sai FDA, hukumar abinci da magunguna, ta amince da tallan. Ban taɓa jin mai wurin ya tambayi wani takardarsa ba. Akwai dattijuwar da ta ajiye ƙwayoyin hawan jininta na asibiti saboda irin wannan tallan, sai da 'yarta ta zo daga Tamale ta yi da gaske kafin ta koma kansu. Kuma illar ba ta tsaya nan ba: idan aka yi rabin awa ana zuba talla, kunne kan toshe, sai sanarwa mai amfani ta zo ta wuce ba wanda ya kula. Na roƙe shi ya riƙa fara da labarin unguwa, ya tura talla baya, ya kuma sa wata alama, ko ƙararrawa ce, da za ta raba su. Ya yi kwana biyu yana yi, masu magani suka ce su a farko suke so, aka koma gidan jiya.

Ƙara ma abin dubawa ce. Ma'aunin EPA, hukumar kare muhalli, na unguwar zama desibel 55 ne da rana, 48 da dare, daren kuma a lissafinsu yana kaiwa har ƙarfe shida na safe. Ba sai an kawo na'urar awo ba, wanda gidansa ke gindin sandar ya san an wuce nan. Mu da muka tashi Asuba ba mu cika damuwa ba, amma akwai nas a bayanmu da ke dawowa daga aikin dare, akwai masu jarirai. A ɗaya gefen kuma, mutanen gangaren rafi, su da ambaliya ke fara ci idan damina ta kankama kuma suka fi kowa bukatar ji, in iska ta juya sai dai su ji gunji ba kalma. Lambar waya kuwa da gudu yake karanta ta, ban ga wanda ya taɓa samun rubuta ta a karon farko ba.

In za ka kai sanarwa, ka rubuta sunan da aka san mutum da shi, ka kwatanta wuri da abin da kowa ya sani, gada ko masallaci ko injin niƙa, kada ka ba shi lambar GhanaPost GPS, ba mai nemo gidan suna da ita. Ka nemi a sa taka bayan Magariba, lokacin mata sun dawo daga kasuwa, maza suna zaune a ƙofar gida. Ta safe ta fi dacewa da rasuwa da cigiya.

Mu teloli da masu aski na layin nan mun yi magana a tsakaninmu. Mun yarda za mu haɗa kuɗin sanarwa daga asusun ƙungiya, a karanta ranar taron jadawalin kuɗaɗe na shekara mai zuwa, da kuma ranar kowane zaman majalisa, da Hausa da Twi, kamar yadda ake karanta na kwaɗo. Mai wurin ya ce zai yi mana ragi, sidi 15. Abin da ya rage a samu ranakun. Mun aika wa Onarabul, ya ce in sha Allahu da takarda ta fito zai kawo da kansa. Sakataren ƙungiyarmu ya ce shi ba zai jira ba, duk ranar Litinin in ya je sayen zare a kasuwar Kejetia zai biya ta ofis ya duba allo.